Me ya haɗa guguwar teku da gonakinmu na Sabon Maci?

Mu nan Sabon Maci galibinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Amma abin da ke faruwa a wani teku mai tsananin sanyi yana shafar damanarmu.

Duk lokacin da aka ƙona fetur, gawayi ko itace, wata iska ce ke tashi, ita ce iskar kabon, wadda masana ke rubutawa CO2. Idan ta taru a sama sai ta riƙe zafin rana, kamar bargo. Sa'ar da muka yi, tekuna na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane ke fitarwa. Daga cikin abin da tekunan ke shanyewa kuma, kimanin kashi 40 cikin ɗari Tekun Kudu ne ke ɗauka, wato wanda ya kewaye Antaktika, can kudu da Afirka ta Kudu.

Me ya sa shi? Sanyi. Ku dubi lemun kwalba: mai sanyi yana riƙe gas ɗinsa, wanda ya sha rana kuwa ana buɗewa sai kumfa. Haka ruwan teku yake.

To, ina guguwa ta shigo? Ƙananan tsirrai da halittun ruwa idan suka mutu suna nutsewa ƙasa su ruɓe, shi ya sa ruwan can ƙasa yake cike da kabon na shekaru aru-aru. Tekun Kudu kuwa wuri ne na iska mai ƙarfi. Idan guguwa ta taso sai ta dama shi kamar yadda ake juya fura da ludayi: na ƙasa ya taso sama. Da wannan ruwa ya haɗu da iska, sai ya saki kabon ɗin da ya riƙe. Masu bincike na Afirka ta Kudu da abokan aikinsu na Suwidin sun aika na'urori marasa matuƙi cikin wannan teku, kuma sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna guguwa na sa tekun ya amayar da iskar. Inda ruwan saman bai ƙoshi da kabon ba kuwa, iska na hanzarta shanyewa ne.

Ke nan teku rumbu ne, amma rumbun da iska ke iya yaye wa jinka. Abin da ya fito yana ƙara zafin duniya. Iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar laima, kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri guda, shi ya sa ruwa ke iya saukowa da yawa a lokaci ɗaya. Ba mu manta da ambaliyar damanar 2024 a birnin Maradi ba.

Ba mu da iko da guguwar teku. Amma muna da namu rumbun: itatuwa. Sassaben zamani da ya faro a jahar Maradi cikin shekarun 1980 ya dawo da itatuwa a miliyoyin hekta a Nijar. Kowane gawo da kalgo da muka bari a gona yana shanye kabon, yana tare iska, yana gyara ƙasa. Idan lokacin sharar gona ya zo, ƴan uwa manoma, a bar toho ya girma.