Ɗan Koyon Ɗaukar Hoto Da Ya Adana Kitson Matan Nijeriya

Daga Wakilinmu a Ikko

Kitso ba ya daɗewa a kai. Makitsiya za ta wuni tana tsaga da tufka, amma bayan mako biyu ko uku sai a tsefe, aikin nan duka ya tafi ba wanda ya ajiye ko alamarsa. Wannan shi ne abin da wani mai ɗaukar hoto ya lura da shi, har ya ƙare rayuwarsa yana ƙoƙarin kada gwanintar irin waɗannan mata ta ɓace. Sunansa J. D. 'Okhai Ojeikere.

An haife shi a 1930 a ƙauyen Ovbiomu-Emai, wanda yanzu yake cikin Jihar Edo. A 1950, yana ɗan shekara 20, ya sayi wata 'yar ƙaramar kyamara mai araha da ake kira Brownie D, wani maƙwabcinsa kuma ya nuna masa yadda ake sarrafa ta. Daga nan ya shiga rubuta wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Badun takarda bayan takarda, yana roƙon a ɗauke shi kowane irin aiki a sashen hotuna. Mai haƙuri yakan dafa dutse: a 1954 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin wankin hoto. A cikin ɗakin nan mai duhu ya yi karatunsa na gaskiya, watau ya san yadda haske da inuwa suke zama a kan takarda.

A 1961 ya koma gidan talabijin na Badun, wanda shi ne na farko a ƙasar nan. Bayan shekara biyu ya taho Ikko ya kama aiki da wani kamfanin tallace-tallace, a 1967 kuma ya shiga Majalisar Fasaha ta Nijeriya, abin da ya ba shi damar zagaya ƙasa wurin bukukuwan gargajiya. A 1975 ya buɗe shagonsa na kansa mai suna Foto Ojeikere.

A zamanin nan yawancin masu sana'ar sun fi mai da hankali ga hoton biki da na manyan mutane, domin a nan kuɗi yake. Shi kuwa tun daga 1968 sai ya juya ga abin da kowa yake gani kullum bai ɗauke shi a bakin kome ba. Yakan tare mace a titi, ko a ofis, ko a wurin biki, ya nemi izninta, sa'an nan ya ɗauki hoton kanta, galibi ta baya, don kada fuska ta janye ido daga aikin makitsiya. Haka ya tara hotuna kimanin 1,000, duka baƙi da fari. A cikinsu akwai shuku, wanda matan Hausa ma suka san shi sarai, da wani kitson zare mai tsini sama da Yarbawa ke kira Onile Gogoro, watau dogon bene, wanda ya yi tashe lokacin da benaye suka fara tashi a Ikko.

Har ila yau bai tsaya ga hoton kaɗai ba. Yakan bincika sunan kitson, da inda ya fito, da dalilin yin sa. Wannan rubutu shi ya mai da hotunan suka zama tarihi. An baje su a birnin Faris a 2000, aka kuma kai su babban bikin fasaha na Venice a ƙasar Italiya a 2013. Ya rasu a Ikko ran 2 ga watan Fabrairu, 2014, yana da shekara 83.

To, ina darasi ga ɗaliban da ke koyon wannan sana'a yau a kwalejoji irin ta Yaba, da dubban samarin da ke yawo da kyamara a cikin wayarsu? Abin da ido ya saba da shi, shi ne yake fara ɓacewa ba a farga ba. Marinan Ƙofar Mata a Kano, da maƙera, da dukawa, da masu gyartai, da yara masu wasan langa ko carafke a dandali, duka suna nan kusa, amma kaɗan ne suke da hoton da aka rubuta wa suna da wuri da rana.

Ɗalibin da ya fita neman irin waɗannan hotuna ya bi hanyar marigayin: ya yi sallama, ya nemi izni, idan yara ne ya nemi na iyayensu, ya tambayi sunan kowane abu ya rubuta, ya kuma koma ya nuna wa mai sana'a hotonsa. Ojeikere da 'yar kyamara mai araha ya fara, amma yau duk mai son ganin irin adon kan da matan ƙasar nan suka yi a shekarun 1970, wurin hotunansa zai je.