Yadda Ake Tace Gudummawa A Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san cewa rubutu ba ya barin hannun marubuci ya faɗa maɗaba'a kai tsaye, sai ya bi ta hannun mai tacewa. A wannan maƙala ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa wani fage da aikin tacewa ya zama ƙashin bayansa, wato fagen buɗaɗɗiyar manhaja. Zan yi bayanin yadda mutum ke miƙa gyara, da yadda ake duba shi, da kuma abin da kan biyo baya idan an yi sakaci wajen dubawar.

Mece Ce Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Manhaja dai jerin umarni ce da ake rubuta wa kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu, su sayar wa jama'a da sakamakonsa kawai. Ita kuwa buɗaɗɗiyar manhaja, an baje rubutun nata a fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya kuma rarraba bisa sharuɗɗan lasisinta. Richard Stallman na ƙasar Amurka ya sanar da shirinsa na GNU a 1983 bisa wannan aƙida. A 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wadda a yau wayoyin Android ke tafiya a kanta.

To, a nan ne tambaya take tasowa. Idan kowa yana iya gyarawa, me zai hana aikin ya zama dambu ya yi yawa ba ya jin mai? Amsar ita ce, kowa yana iya gyara nasa kwafin yadda ya so, amma asalin aikin yana hannun wasu 'yan mutane da ake kira masu kula. Su ne kaɗai suke da mabuɗin rumbun da aka ajiye shi.

Yadda Gyara Ke Tafiya

A 2005 Torvalds ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Git, wadda aikinta shi ne adana tarihin kowane canji: wa ya yi shi, yaushe, kuma me ya taɓa. A 2008 aka buɗe dandalin GitHub, wanda ya sauƙaƙa wa jama'a amfani da Git ta intanet, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018.

Ga yadda abin yake gudana a irin wannan dandali. Da farko mai son ba da gudummawa zai ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya ya ajiye a nasa gefen. Na biyu, sai ya yi gyaransa a cikin kwafin, ba tare da ya taɓa asalin ba. Na uku, sai ya aika wa masu kula da abin da zan kira buƙatar jawo gyara. An ba ta wannan suna ne domin ma'anarta ita ce: ga abin da na yi nan a wurina, ina roƙon ku jawo shi zuwa naku. Dandalin zai jera tsohon rubutu da sabo, ya nuna layukan da aka cire da ja, waɗanda aka ƙara kuma da kore, ta yadda mai dubawa zai ga bambancin nan take.

Daga nan sai dubawa. Ayyuka da yawa suna da gwaje-gwajen da na'ura ke yi da kanta da zarar buƙata ta shigo, domin a tabbatar sabon gyaran bai ɓata abin da ke aiki a da ba. Bayan na'ura ta gama nata, sai mutum ya karanta layi bayan layi, ya rubuta sharhi a daidai wurin da ya ga matsala. Mai gyaran zai amsa, ya sake gyarawa, a sake dubawa. Ƙarshen al'amari ɗaya ne cikin uku: a karɓa a haɗe da asali, ko a ce a sake aiki, ko a rufe buƙatar. Ita Linux har yanzu akasarin gyare-gyarenta ta wasiƙun imel ake aika su, su bi ta hannun masu kula da sassa daban-daban kafin su isa ga Torvalds.

Me Mai Dubawa Ke Nema?

A fahimtata, tambayoyi huɗu ne mai dubawa yake yi wa kansa. Shin gyaran ya warware matsalar da ya ce zai warware? Shin ya dace da manufar aikin? Shin ya bi salon rubutun da aka amince da shi? Sannan, wa zai ci gaba da kula da shi nan gaba?

Wannan ta ƙarshe ita ce sababbin masu gudummawa ba su cika lura da ita ba. Mai gyara yana iya aikowa yau, gobe ya kama gabansa, amma layukan da ya ƙara sun zama kaya a kan masu kula har illa ma sha Allahu. Shi ya sa akan mayar da gyaran da ba shi da kuskure ko ɗaya, saboda kawai ya ƙara wa aikin nauyin da ba a buƙata. Haka kuma an fi son ƙaramin gyara mai magana a kan abu guda, da bayani a sarari, a kan jibgegen gyara da ya taɓa wurare hamsin, domin ido yana gajiya, kuma inda ido ya gaji nan kuskure ke sulalewa.

Bugu da ƙari, akwai ladabin ƙin karɓa. Da yawa daga cikin masu gudummawa 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko anini. Mai kula nagari yakan gode, ya faɗi dalilinsa, ya soki rubutun ba tare da ya taɓa mutuncin mai shi ba. Shiru ma yana korar mutane, domin wanda buƙatarsa ta yi watanni ba a tanka ba da wuya ya sake dawowa.

Idan An Yi Sakaci

Bari in kawo misalai biyu. A ƙarshen 2011 an karɓi wani gyara a manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin bayanai tsakanin mai amfani da shafukan intanet. Gyaran ya bi ta hannun mai dubawa, amma wani ɗan gurbi ya kuɓuce: ba a sa a tantance tsawon saƙon da ya shigo ba. Sai a watan Afrilu na 2014 aka bayyana wannan ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Heartbleed, bayan ta shafe kusan shekara biyu tana iya fallasa kalmomin sirrin jama'a. Wannan kuskure ne na ɗan Adam.

Na biyun kuwa da gangan aka yi. Manhajar XZ Utils, ta matse bayanai, ta daɗe a hannun mutum guda ɗan sa-kai, Lasse Collin. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau, har aka amince masa aka ba shi ikon kula. Daga nan ya cusa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba maharin damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta bazu. Darasin a nan shi ne, mugu ma yana iya zuwa da kyauta a hannu, kuma aikin da mutum ɗaya ke gadi cikin gajiya yana cikin haɗari.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Mai karatu zai iya cewa wannan ai harkar masana kwamfuta ce. Amma gudummawa ba ta tsaya ga rubuta umarni ba. Fassarar kalmomin da ke fitowa a fuskar manhaja, da littafin jagorar amfani da ita, duk ta irin wannan hanya suke shiga. Haka nan shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017 domin tara muryoyin mutane, yana da sashen Hausa, kuma ba a ɗaukar murya a matsayin ingantacciya sai masu saurare biyu sun amince da ita.

A irin waɗannan wurare, na'ura ba za ta gaya maka an rubuta kafa a inda ake nufin ƙafa ba, domin dukkansu kalmomi ne. Ba za ta lura an fassara kalma ɗaya da ajiye a wannan shafi, da adana a wancan ba. Wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, da raba kalmomi da haɗe su, shi ne zai kama wannan.

Kammalawa

Mun ga cewa buɗaɗɗiyar manhaja tana buɗe ƙofar miƙa gyara ga kowa, amma ingancinta ya rataya ne a wuyan masu dubawa. Shawarata ga ɗalibin da ke son shiga ita ce ya fara karanta ƙa'idojin aikin, ya aika ƙaramin gyara da bayani gamsasshe, ya kuma karɓi sharhi da zuciya ɗaya. Idan kuma wata rana mabuɗin rumbu ya zo hannunsa, to ya riƙe shi a matsayin amana, ya karanta kowane layi kafin ya sa hannu.