Fatsar Bature: Kada Kuɗinka Ya Ƙare A Kan Ril

Jama'a, su iri-iri ne. Namu na Argungu gora ce da homa, amma a Ingila da Amurka akwai masu fatsa da ƙudan ƙarya, wato gashin tsuntsu a ɗaure jikin ƙugiya. Kayan wannan fatsa kan faɗo cikin gwanjon da ke sauka Ikko, har wani namu ya yi sha'awa.

To, abin da ke cin kuɗi shi ne ril, faifan nan mai naɗe zare a gindin sanda. Tun 1961 aka sa wa zaren lamba bisa nauyinsa, sanda marar nauyi kuwa mai lamba 2 zuwa 4 ce. Kifin da ake kamawa da ita ƙarami ne, da hannu ma ake janyo zaren, saboda haka aikin ril bai wuce ajiya ba. Mai ƙas-ƙas ya isa. Mai birki, wanda ɗan kasuwa zai yi ta yaba maka, na giwan ruwa ne da tsage.

Ril na zubin alminiyom ya fi na sassaƙa araha, sai dai in ya faɗi kan dutse yakan tsage. Ka ɗaura shi, ka ɗora sandar bisa yatsa a bakin mariƙi. In gindi ya rinjaya, ya yi nauyi, mayar masa da abinsa. Ni dai canjin da ya rage, zare mai kyau zan saya.