Takardar mallakar ƙirƙira: da me ake auna nauyinta?

A kasuwar Katako ta unguwar Bukoki, a Yamai, maƙera na narka tarkacen alminiyom su zuba tukwane, wasu su sare tsohuwar ganga su fitar da murhu. In ɗayansu ya ƙago murhun da ba ya cin gawayi sosai, yana iya neman takardar mallakar ƙirƙira daga hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Takarda guda na aiki a ƙasashe 17, har da Nijar, tsawon shekara 20. Sai dai takardun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Da yawansu ko dala ba sa kawo wa masu su, alhali a 2011 an sayi takardu kusan 6,000 na kamfanin Nortel a kan dalar Amurka biliyan 4.5.

Wasu masana kan ƙirga sau nawa takardun da suka biyo baya suka ambaci wadda ake aunawa. Manuel Trajtenberg ya gwada haka a 1990 kan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Awon na da kyau inda kamfanoni ke rige-rigen bincike, amma wa zai ambaci murhun Katako?

Ni na fi yarda da kuɗin sabuntawa. Kowace shekara sai mai takarda ya biya, kuɗin na ƙaruwa, in ya daina kuwa takardar ta mutu. Ba mai ci gaba da saya wa akuya dusa in ba ta haihuwa. Schankerman da Pakes sun bi wannan sawu a 1986 a Ingila, Faransa da Jamus, suka tarar ana barin takardu da dama su mutu kafin wa'adi, darajar kuma ta taru a 'yan ƙalilan.

Sai a karanta abin da takardar ta killace. In ta tsaya ga murhu mai huda uku, maƙwabci zai yi huɗu ya wuce abinsa.

Ana kuma duba yawan ƙasashen da aka yi mata rajista, kuma nan ne ɗan Nijar ya kamata ya buɗe ido. Najeriya ba ta cikin OAPI. Maƙerin Kano na iya kwaikwayon murhun ya sayar a can, sai ya tsallako da shi Maraɗi ne doka za ta hau kansa. Mai son rufe wannan ƙofa sai ya shigar da buƙata daban a Najeriya cikin wata 12 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa ta farko.