Singafo zuwa New York: Me Ya Sa Taswirar Waya Ke Rikita Lissafin Tafiya?

Tsakanin Singafo da filin jirgin JFK na New York akwai tazarar kilomita kusan 15,300. Kamfanin Singapore Airlines ya fara wannan jigila a Nuwamba 2020, kuma jirginsa ƙirar Airbus A350 kan shafe sa'o'i 18 zuwa 19 a sama ba tare da ya ya da zango ba. Sai dai duk wanda ya buɗe taswirar wayarsa don bin wannan tafiya, abubuwa uku za su iya ruɗa shi.

Na farko shi ne siffar hanya. Taswirar waya shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa kamar ƙwallo take. Layin da ido ke gani a miƙe a allo ba shi ne mafi gajarta ba. Hanya mafi kusa tsakanin biranen biyu ta kusa da ƙuryar arewacin duniya take bi, shi ya sa take fitowa a lanƙwashe. Manhajojin auna nisa kan yi amfani da dabarar lissafi ta Haversine, wadda ke ɗaukar nisan tsakiyar duniya zuwa doronta a matsayin kilomita 6,371.

Na biyu iska ce. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a sa'a zai cinye wannan tazara cikin sa'o'i 17 a lissafin takarda. Amma can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Don ta riƙa tura jirgin daga baya, matuƙa kan zaɓi hanya mafi tsawo: a tafiya su ratsa tekun Fasifik, a dawowa sau da yawa su bi ta Atlantika da Turai. Manhajar Flightradar24 na nuna hanyar da jirgin ya bi a kowace rana.

Na uku, wanda ya fi jawo asara, shi ne agogo. Lokacin da ke kan tikiti na garin da ake tashi ko sauka ne. Singafo na gaban New York da sa'o'i 12 a bazarar Amurka, 13 a hunturu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 12 na rana zai sauka wajen 6:30 na yamma a ranar, kamar tafiyar sa'o'i shida da rabi. A dawowa kuwa, wanda ya tashi daren Litinin sai asubahin Laraba zai isa.

Nan ne matafiya ke kama otal a ranar da ba ita ba, ko jirgi na gaba ya tafi ya bar su. Maganin mai sauƙi ne: a duba jimillar sa'o'in tafiya da ranar sauka, a ƙara agogon biranen biyu a waya, sannan a bar wayar ta saita lokaci da kanta.