Liƙin Roba da Sufa-gulu: Gaskiya da Ƙarya a Saƙon da Ke Yawo

Robar da ake yin jarka da tankin ruwa da bokiti da ita tana cikin abubuwan da gam ya fi kasa kamawa. Duk da haka, wani saƙo mai ɗauke da bidiyo yana ta yawo a WhatsApp yana cewa babu robar da sufa-gulu ba zai liƙe ba, muddin an haɗa shi da bekin soda ko auduga. Ya ce liƙin ya fi walda ƙarfi, kuma da shi ake gyara tankin ruwa da hular kwano. Ya kuma koyar da yadda za a gyara jarkar fetur da ta tsage: a juye man, a ɗan gasa bakin tsagar da wutar laita don gam ya kama, sannan a zuba hodar a ɗiga gam. Akwai guntun gaskiya a cikin saƙon, amma shawararsa ta ƙarshe tana iya hallaka mutum.

Roba iri-iri ce. A gindin yawancin kayan roba akwai lamba a cikin ɗan alwatika, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 1 ta gorar ruwa ce da ta lemo, lamba 3 ta fayif ɗin PVC. Lamba 2 da 4 foliyetilin ce, wadda ake yin jarka da tankin ruwa da leda da ita, lamba 5 kuma folifurofilin, ta kujeru da bokitai da bambar mota. Waɗannan ukun su ne masu taurin kai. Idan babu lamba, a jefa ɗan ɓallin robar a ruwa: foliyetilin da folifurofilin suna tasowa, PVC da robar gora suna nutsewa.

Kafin gam ya kama abu, sai ya baje a kansa ya jiƙa shi. Foliyetilin kuwa a tsarinta 'yar'uwar kakin kyandir ce, duk abin da aka ɗiga mata sai ya dunƙule. Masana suna auna ƙarfin da fuskar abu ke jawo ruwa da shi. A wannan ma'auni foliyetilin tana wajen 31, folifurofilin wajen 30, Teflon na kaskon da abinci ba ya kamawa wajen 18, PVC kuma kusan 39. Gam mai haɗi biyu irin Araldite yana buƙatar fuskar da ta haura 40 kafin ya baje sosai. Hujja mafi sauƙi tana hannun duk wanda ya sayi sufa-gulu: ɗan bakin da ake ɗiga shi da murfinsa da irin wannan roba ake yin su, don kada gam ɗin ya manne su.

Abin da saƙon ya faɗa daidai shi ne bekin soda yana sa sufa-gulu ya daskare nan take, ya kuma cike rami. Wannan gam, wanda Harry Coover na kamfanin Eastman Kodak ya gano aka fara sayar da shi a 1958, damshi ne ke daskarar da shi, hodar kuma tana gaggauta aikin. A kan roba mai tauri irin ta jikin rediyo ko rimot yana riƙewa. Sai dai taurinsa na gilashi ne: ba ya lanƙwasa, ba ya jure bugu, kuma yana raunana idan ya daɗe a ruwa ko ya sha zafi. A jikin jarka zama kawai yake yi. Yakan toshe tsaga na ɗan lokaci, abin da ya isa a ɗauki bidiyo, amma farce ma yana iya ɓamɓare shi.

Gasa roba da wuta ma yana da asali. Masana'antu suna bi ta kan foliyetilin da harshen wuta cikin sauri domin iskar oksijin ta sauya fuskarta, tawada ko gam su samu wurin kamawa. Amma a kan sabuwar roba ake yin haka, wadda ba ta taɓa ganin mai ba. Wanda ya ɗauko wannan dabara ya ɗora ta a kan jarkar fetur ya watsa wa jama'a bai san abin da yake faɗa ba, kuma bai tsaya ya tambaya ba.

Abin da ke kama wuta a fetur tiririnsa ne, kuma fetur yana fitar da tiririn da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Kano ko Sakkwato na watan Afrilu. Tiririn yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar da ke wurin. A cikin jarkar da ke cike kuma a rufe, tiririn yakan yi yawa fiye da wannan iyaka. Da zarar an juye man iska ta shiga, sai haɗin ya sauko daidai inda ƙyastu ɗaya ya isa. Ragowar fetur da bai kai cokalin shayi ba ya isa ya mai da cikin jarka mai lita 25 abin fashewa. Wato juye man da saƙon ya ɗauka a matsayin kariya shi ne ke shirya haɗarin.

Ɗauraye jarkar da ruwa ba ya raba ta da wannan. Fetur yana ratsa jikin foliyetilin ya zauna a ciki, ya riƙa fitowa a hankali bayan an wanke. Shi ya sa masu ƙera motoci suke sa wa tankin roba wani shinge na musamman a cikin bangonsa. Man da ya shiga jikin robar shi ne kuma ke hana kowane gam kamawa, komai tsadarsa.

Ko an tsallake matakin wutar lafiya, haɗari na biyu yana gaba. Jarkar da aka rufe ta sha rana tana kumbura, bangonta ya miƙe, busasshen liƙin da ba ya miƙewa ya saki. Yoyon yakan fara a ɓoye, a but ɗin mota ko a ɗakin da aka ajiye janareto. Tiririn fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake bi, ya kwanta, ya tafi har inda murhu ko fitila take, wutar ta biyo shi ta dawo kan jarkar. Jarkar fetur da ta tsage ba ta da gyara, da gam ko da ƙarfe mai zafi. A buɗe ta a fili nesa da wuta ta sha iska, a fitar da ita daga aiki.

Ba a ga laifin mai bumburutu ko ɗan acaɓa da ya gaskata saƙon ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, kuma mutumin da ya ga gam ya daskare kamar dutse a gaban idonsa yana da dalilin yarda. Alhakin yana kan wanda ya shirya bidiyon ya nuna minti ɗaya na farko ya ɓoye abin da ke biyo baya.

Sauran maganganun saƙon ba su da nauyi. Hular kwano da ta fashe ta gama aiki, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Tankin ruwa kuwa ko gam ɗin fayif ba ya liƙe shi, domin narka PVC yake yi, ba ya taɓa foliyetilin. Auduga kuwa idan ta sha sufa-gulu zafi take ɗauka har ta yi hayaƙi, tana ƙona fata.

Akwai gam na masana'antu da aka yi musamman don waɗannan robobi, kamar Scotch-Weld DP8005 da DP8010 na kamfanin 3M. Haɗi biyu ne da ake matsowa tare da bindigar gam, kashi goma da kashi ɗaya, kuma a cikinsu akwai wani sinadarin boron da ke sa gam ɗin ya ƙullu da fuskar robar kanta. Akwai kuma ruwan share fage irin Loctite 770 da ake shafawa kafin a sa sufa-gulu a ƙananan abubuwa. Suna aiki da gaske, amma da sharuɗɗa: fuska mai tsabta ba maiƙo, ɓangarori biyu da suka hau kan juna da faɗi, a ɗaure su, a bar su kamar yini da kwana. Tsaga siririya ba ta ba gam faɗin da zai riƙe, sai an ɗora mata faci. Farashinsu kuma ya ninka na sabuwar jarka.

Ga jarkar 'yan garuwa da tanki da bokiti, aikin masu liƙin roba na kasuwa shi ne daidai, domin narka robar suke yi ta haɗe da kanta. Foliyetilin mai lamba 2 tana narkewa a wajen digiri 130, folifurofilin a wajen 160, kuma ba sa haɗuwa da juna da kyau, saboda haka facin ya zama mai lamba ɗaya da abin da ake gyarawa. A wanke wurin ya bushe, a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a kankare saman da rana ta cinye, sannan a narka. Facin tankin ruwan sha kada a yanko shi daga jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi.