Takardar da aka kawo ranar rabon gado

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gadon wani ɗan kasuwa da ya bar 'ya'ya da mata uku. Ko kuwa biyu ne? A nan rigimar ta tashi. Ƙanin mamacin ya zaro takarda daga aljihu, layi biyu kacal: an saki uwargida. Dangi suka ce to ba ta da ko sisi. Magana ta kai kotun shari'a.

Alƙali ya fara da adadi. Saki nawa? Takarda ta ce ɗaya. Saki ɗaya ba ya tsinke igiyar aure nan take. Muddin mace tana cikin idda, miji na iya yin kome ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure, in kuma ya rasu a lokacin za ta gaje shi, ta yi takaba wata 4 da kwana 10. 'Yan'uwan uwargida suka fara murmushi.

Sai aka duba kwanan wata. An rubuta takardar wata 5 kafin rasuwa. Idda a mazhabar Malikiyya tsarki uku ce ga mai al'ada, mai ciki kuwa sai ta haihu, kuma maganar mace ake karɓa a kan wannan. Aka tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, iddata ta cika tun yana da rai." Kome fa? Babu. Tana gidan iyayenta, ko aike bai yi ba. Da ƙarya ta yi, ba mai iya kama ta. Ƙanin ya fara gyara babbar riga zai tashi.

Alƙali bai saki takardar ba. Ƙasanta dangwale ne da babban yatsa, alhali mamacin ya shekara da shekaru yana sa hannu a rasit.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yaya ba ya iya riƙe biro, yana gadon asibiti."

"Ya tashi daga wannan ciwon?"

"Bai tashi ba."

Da bakinsa ƙanin ya rusa hujjarsa. A wurin Imam Malik, wanda ya yi saki a cikin cutar ajali matarsa na gadonsa ko iddarta ta ƙare, kai ko ta yi wani auren, don kada a mai da saki hanyar hana gado. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Usman ya ba matar Abdurrahman bin Auf gado a irin wannan hali.

Auren dai ya mutu tun ranar cikar idda, saboda haka ba takaba a kanta. Tumunin dukiya kuwa, wato kashi ɗaya cikin takwas, aka raba shi gida uku.